Ajiyar da Mai Rumbu ya bari

Kaka ce, irin kakar da za ka ga manomi yana tafiya a hanya yana murmushi shi kaɗai. Masara ta yi, waken suya ya yi, auduga ta fashe fari fat tun daga bakin Malumfashi har ka dangana da Funtua. A shekarar nan ko wanda bai iya noma ba sai da ya sami abin zubawa a buhu. Duk gidan da ka shiga ƙanshin sabon tuwo ne, mata na sussuka suna raha, iyaye na ta sa ranakun biki. A tsakiyar wannan yalwar Allah ya karɓi abinsa a gidana. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Da ƙafarsa ya shiga motar da ta kai shi asibiti, a kwance aka dawo mana da shi. Bana shekara takwas ke nan, kuma har yau in na ji ƙanshin sabuwar masara a kan garwashi, daɗi da ciwo tare suke shigo mini, kamar maƙwabta biyu da suka saba yin sallama lokaci guda.

Ba zan rubuta sunansa ba, masu karatu ku yi mini uzuri. Ɗan fari ne. Mu a yadda aka rene mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta yabonsa, ba ta shiga faɗansa. Tun yana goye "yaron nan" nake cewa, har ya yi gemu bai tashi daga yaron nan ba. A tashar mota ta Malumfashi, inda yake da 'yar rumfarsa, Mai Rumbu ake ce masa, to da wannan sunan zan kira shi a nan. Ƙanwarsa Rabi, wadda take koyarwa a firamare, ita ta matsa mini in rubuta wannan. Na ce mata karatuna na yaƙi da jahilci ne, hannuna ba ya sauri. Ta ce sannu ba ta hana zuwa.

Sana'arsa tura waƙa. Mutum zai kawo memorin wayarsa, wannan ɗan abin da bai kai farce ba, a zuba masa waƙoƙi ko karatu ko wa'azi daga kwamfuta. A wancan lokacin masu wannan sana'a sun yi yawa a bakin tasha, amma yawancinsu in ka miƙa musu memori sai su kwarara maka duk abin da ya zo hannu, kamar mai awon da ya haɗa gero da dawa da tsakuwa a kwano ɗaya. Shi ba haka yake ba. Yana da wata manhaja a kwamfutarsa, wato wani tsari da ke riƙe da dukan waƙoƙin, ya san mazaunin kowace. In ya buɗe ta za ka ga sunaye sun jeru layi-layi kamar masarar da aka shuka da igiya. Kowace waƙa da layinta: sunanta, wanda ya yi ta, garinsu, irinta, sai wani gurbi a ƙarshe inda yake rubuta abin da ya ga dama. Su waƙoƙin kansu suna cikin wani ɗan baƙin akwati da bai fi sabulun wanki girma ba, mai 'yar igiya da ake soka wa kwamfutar. Shi yake ce wa rumbu, daga nan sunan ya bi shi. Na taɓa ji yana gaya wa Rabi cewa abin da ke cikin rumbun nan, ko mutum ya zauna yana saurare ba ya tashi, damina za ta zo ta wuce bai kai ƙarshe ba.

Kuma ba ya zuba wa mutum waƙa sai ya tambaye shi sana'arsa. Direban da ke bin hanyar Zariya yana da nasa jerin, masu zafi, don kada gyangyaɗi ya ɗauke shi. Tela yana da nasa, masu tafiya daidai da ƙafar keke. Mai shayi karatu yake fara ba shi, saboda safiya. Akwai jerin mai jego, akwai na wanda aka hana shi budurwa, wanda abokansa ke cewa shi ya fi kowane kasuwa. Duk waƙar da ta shigo hannunsa ba ta kwana sai ya gyara mata suna, ya nemo wanda ya yi ta, ya ba ta taurari, wato maki, gwargwadon kyanta. In manhajar ta nuna masa waƙa ɗaya ta shigo sau biyu, sai ya saurari duka biyun, ya bar wadda ta fi fita tas. Mahaifinsa yakan ce, da yaron nan zai kula da gonar auduga rabin yadda yake kula da akwatin sabulun nan, da mun sayi tarakta.

Za ku ce yaya aka yi na san wannan duka, ni da ba na zama kusa da shi. To, yana da dabara. In ya dawo daga tasha da la'asar, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, daidai inda nake tsince shinkafa ko gyaran kuɓewa, ya kira Rabi ya ce zai koya mata kwamfuta. Sai ya ɗaga murya kamar Rabi kurma ce. "Kin ga wannan ɗan gurbin na sama? Nan ake rubuta abin da ake nema. Harafi biyu ko uku sun isa, sauran ita za ta nemo. In kika taɓa kan wannan layin, sai duk su jeru gari-gari." Rabi ta ce, "Yaya, ai na gane tun jiya." Ya ce, "Ba ki gane ba, bari in sake." Har haruffan ya ƙara wa girma, wai idon Rabi ba shi da kyau, yarinyar da ke zura zare a allura da magariba. Ni kuwa kaina na sunkuye a kan faifai, kunnena na wurinsu. Ran Juma'a in zai tafi masallaci sai ya manta kwamfutar a buɗe a kan tabarma. Bai taɓa mantawa da ita a wata rana ba sai Juma'a, lokacin da gidan ba kowa sai ni.

A reshen mangwaron nan ya rataye wata 'yar sifika. Akwai jerin da ya sa wa suna "Tsakar gida", na gani da idona, kuma ban taɓa tambayar na wane ne ba. In ya ga ina daka, sai waƙar da ta dace da tashin taɓarya ta fara fita. In ya lura raina a ɓace yake, sai ya sako wata tsohuwar waƙar barkwanci da ta yi tashe muna 'yanmata, ya shige ɗakinsa kamar ba ruwansa. Da uwata ta rasu, mangwaron ya yi shiru har aka yi sadakar arba'in, sannan wata safiya karatu ya fara fita a hankali, can ƙasa-ƙasa. Ban ce na gode ba. Na dai dama masa fura da nono mai kauri na ba Rabi ta kai masa. Haka muke magana.

Wata shekara kuma, sai ga waƙoƙin kai amarya suna tashi a gidana safe da yamma, ba biki ba suna. Kwana ɗaya, kwana biyu, har mako ya zagayo, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya wa za mu aurar ba mu gaya mata ba. Da daddare na ce wa mahaifinsa, "Malam, yaron nan fa aure yake so." Ya ce, "Shi ya gaya miki?" Na ce, "Mangwaro ya gaya mini." Aka bincika, ashe akwai wata Hauwa'u a unguwar gaba. Aka yi auren, suka zauna lafiya, sai dai Allah bai ba su haihuwa ba. Ita yanzu tana aure a Bakori, kuma duk Sallah sai ta aiko mini da gaisuwa, Allah ya yi mata albarka.

Akwai wani ɓangare na rumbun da ba na kasuwa ba ne, bai taɓa sayar da shi ba. In ya sami sarari sai ya hau babur da wata 'yar na'urar ɗaukar murya, ya nufi Gozaki ko Maska ko Tsiga, ya bi tsofaffi gida-gida. Yakan ce wa Rabi, tun da maganin feshi ya shigo gayya ta fara mutuwa, in kuwa ba gayya makaɗan noma za su rataye gangunansu. Tun da injin niƙa ya shigo ba mai durƙusawa a kan dutse, waƙar niƙa kuwa ba ta fita a gaban inji. Ya ɗauko muryar mata masu lugude, da makaɗan noma, da masu bege, da tsofaffi masu tatsuniya, har da waƙoƙin godiyar girbi na Kiristocin wajen Gozaki. Wasu da kansu suke biyo shi har gida da tsohon kaset ɗin bikin iyayensu ya juye musu. Ina daga madafa nakan ji abin da yake gaya musu in za su tafi: "Baba, wannan muryar taka ce, ajiya ka ba ni. Duk ranar da kai ko 'ya'yanka kuka buƙata, ku zo ku karɓa."

Da ya rasu, bayan an share makoki aka zo maganar kayansa. Babban gidanmu shi ne Baffa Isiyaku, wan mahaifinsa, kuma shi ya yaye shi, a hannunsa ya yi karatun allo. Ba wanda ya kai Baffa son yaron nan, in ka cire wadda ba ta da bakin faɗa. Baffa ya ce a raba sutura sadaka, a sayar da babur, amma kwamfuta da rumbu sai an goge su tas. Ya ce kamar yadda rijiya ko bishiya ke kai wa mamaci lada yana kabari, haka kiɗan da ya bari ke kai masa nauyi duk lokacin da wani ya kunna. Ya faɗa yana share hawaye da bakin rawani. Ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne yake ji wa ɗansa. Ina bayan ƙofa ina ji, amma uwar ɗan fari ba ta da ta cewa a kan kayan ɗan fari. Mahaifinsa ne ya nemi alfarma a dakata, kada a goge, kada kuma a kunna. Aka naɗe su a tsohon zane, aka sa a adakar ƙarfe ƙarƙashin gadona. Bayan 'yan shekaru shi ma Malam ya bi ɗansa, maganar ta kwanta. Sifikar nan ta zauna a reshe har rana da ruwa suka cinye ta. Ban sa an sauke ta ba.

Sau da yawa nakan zauna in ce, da zai leƙo yau, me zai ce? Rumfarsa ta tasha yanzu mai sayar da cajar waya ne a ciki. Ba mai kawo memori a zuba masa waƙa sai ɗaiɗaikun tsofaffi, yara duk daga iska suke jawo abinsu. Rabi ta nuna mini a wayarta, wai yanzu wayar ce da kanta take zaɓa maka abin da za ka ji, in wannan ta ƙare ta sako wata, ba ta tambaye ka ko direba ne kai ko mai jego. Waƙa kuma ba a bari ta kai ƙarshe, ana shafawa da yatsa ana wucewa kamar mai tsintar ƙwari a wake. In kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja, na sani, kuma shi ba mai ƙin sabon abu ba ne, da shi zai fara iya ta. Amma ina jin da zai tambayi wayar nan, to wa ya yi waƙar, ɗan wane gari ne, yana raye? In ta kasa amsawa ya girgiza kai. Abin da zai fi ba shi ciwo kuwa shi ne ƙauyukan da yake shiga da babur shi kaɗai har magariba. Wasunsu yau sai da rana tsaka ake zuwa, wasu mutanensu sun taso sun dawo gari saboda rashin kwanciyar hankali. Tsofaffin da ya bi gida-gida, da wuya in akwai sauran mai rai. Ashe duk shekarun nan ina kwana a kan muryoyin da babu su ko'ina a duniya sai ƙarƙashin gadona.

A farkon kakar bana Baffa Isiyaku ya aiko a kira ni. Ya tsufa ƙwarai, ƙafa ta ƙi, sai da sanda. Na durƙusa daga bakin zaure muka gaisa. Ya ce, "Maman Rabi, kin ga yadda na koma. Ba na so in je in tarar da yaron nan ban sauke masa kayan da na ce zan sauke ba. In ranar da ya cika shekara ta zo, a fito da akwatin nan a goge a gabana, in huta." Na ce, "To, Yaya." Abin da na saba cewa ke nan shekara arba'in. Na dawo gida na kasa cin tuwo. Ina tsoron abin da Baffa ke tsoro, wace uwa ce za ta so a ƙara wa ɗanta nauyi a kabari? Amma yaron nan bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, bai bar gona tasa ta kansa ba. Abin da ya bari ke nan.

Rabi ta kai kwamfutar wurin wani tsohon abokin sana'arsa da ya koma gyaran waya, ya canja mata batir, ya busa mata iska, ta tashi. Ya ce mata rumbun yana ƙara irin ta tsufa, in da abin da ake so a ciki a kwashe tun yanzu. Ranar da aka sa, bayan la'asar, Baffa ya zo a bayan babur, aka shimfiɗa masa buzu a gindin mangwaro. Rabi ta buɗe manhajar. Sunayen nan suka jeru da manyan haruffansu, yadda ya bar su, kamar jiya ya tafi masallaci ya manta ta a buɗe.

Baffa ya ce, "Bismilla, Rabi, goge."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Yaya, a gafarce ni, ina da tambaya. In mutum ya rasu da ajiyar mutane a ɗakinsa, ƙonawa ake yi ko mayarwa?"

Ya juyo ya dube ni, don bai taɓa jin na sa baki a maganar yaron nan ba. Ya ce, "Mayarwa mana. Kafin ma a taɓa gado ake fitar da ajiya. Wace ajiya?"

Na matsa kusa da Rabi, na sa yatsana a kan layin gari yadda na ji ana koya wa kurma shekarun baya, na taɓa. Nan take duk suka watse suka sake jeruwa gari-gari. Na karanta masa a hankali, don karatuna ba ya gudu. Gozaki: Iya Saratu, waƙar niƙa. A gurbin ƙarshe ya rubuta, "Akuya ta yi kuka a tsakiya, Iya ta zage ta ta ci gaba. Na yi alkawarin kawo wa ɗanta Bulus." Maska: wasu mata uku, lugude, "ta tsakiyar ta fi murya amma kunya gare ta." Na ce, "Yaya, da kunnena na ji yana ce musu ajiya ce. Bai kai ga mayarwa ba Allah ya kira shi. In muka goge, da me zai amsa musu?"

Baffa ya ja carbinsa. Can ya ce a kunna masa ɗaya ya ji ko wace iri ce. Rabi, da ba ta rasa shaƙiyanci, ta gangara Tsiga, garin da Baffa ya yi samartaka, ta taɓa wani tsohon makaɗin noma. Ganga ta tashi, tsohon yana lissafa gwanayen noman da ya yi wa kiɗa a zamaninsa, wane da wane, sai muka ji ya ce Isiyaku mai garma kamar ƙofar gari, wanda ba ya duban rana sai ta dube shi. Baffa ya yi tari ya ce, "Wuce, wuce, shirmen ƙuruciya ne." Amma babban yatsan ƙafarsa, ita ƙafar da ta ƙi tafiya, yana motsi a kan buzu. Ni da Rabi muka mai da ido kan mangwaro.

Bai canja ra'ayinsa ba, kuma ban nemi ya canja ba. Ya ce waƙoƙin kasuwa, na rawa da na finafinai, waɗanda ya saya ya sayar, waɗannan kayansa ne, a goge. Na ce na yarda, ai irinsu sun cika duniya, ba za a yi rashinsu ba. Ya ce karatu da wa'azi a juye a bayar sadaka, Allah ya kai masa ladan. Muryoyin mutane kuwa a mayar wa masu su, abin da suka yi da su tsakaninsu da Allah. Rabi ta ce, "Baffa, har na cocin?" Ya ce, "Ke, amana tana tambayar addinin mai ita? Su za a fara kai wa."

Da a ce yaron nan irin masu haɗa gero da tsakuwa ne, da ba yadda za a yi a raba wannan daga wancan, da sai dai a goge duka ko a bar duka. Amma da yake kowace waƙa ya rubuta irinta da garinta, aikin bai fi na sheƙe hatsi a iska mai kyau ba. Rabi ta taɓa nan, na kasuwa suka ware gefe guda. Ta taɓa can, na kowane gari suka taru. Ta ɗauko memori da ta sayo, tana juyewa, ina naɗe kowane a 'yar takarda ina rubuta sunan gida. Tsarin da mahaifinsa ke yi wa dariya, shi ya fitar da shi kunyar mutane bayan ransa.

Muna cikin haka Baffa ya miƙa sandarsa ya nuna gefen allon. Ya ce, "Wancan fa, da aka rubuta Tsakar gida, na wane gari ne?" Rabi ta dube ni, don ta san rabin abin da ke ciki waƙoƙin kasuwa ne, har da na kai amaryar nan. Na ce, "Ba na gari ba ne, Yaya. Nawa ne." Ya sunkuyar da kai. Shi ma a gidan kunya ya tashi, ya san abin da maganar nan ta ci mini kafin ta fito. Ya ce, "To, ke ma a mayar miki da ajiyarki." Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce a kira masa mai babur kafin magariba.

Yanzu in na auna, me ya rage na Mai Rumbu? Rumfa ta zama ta wani, sana'ar ta shuɗe, yawancin abin da ya tara ya tafi cikin ƙiftawar ido da yardata. Ban san hukuncin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ba, ina dai roƙa masa rahama safe da yamma, ku ma ku taya ni. Amma na san mutum ne da bai taɓa ɗaukar muryar wani ya bar ta ba suna ba. Tsohuwar da ko 'ya'yanta ba su ɗauki waƙarta a bakin komai ba, shi ya rubuta sunanta da garinta, har da akuyarta. Uwar da al'ada ta hana ta yi masa magana, bai taɓa ƙorafi ba, sai ya nemo hanyar da za su yi hira ba tare da ta karya al'adarta ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in an sami wanda ya adana ta a tulu mai murfi. Abin da ya rage nasa ke nan, kulawa, kuma ita ba ta goguwa.

Washegari na yi sammako, na ɗaure memorin Gozaki a bakin mayafina kamar yadda ake ɗaure kuɗin cefane. Rabi ta ce in bari ta kai ran Asabar, na ce zumunta a ƙafa take. Na hau babur, muka bi ta cikin gonakin dawa da ake yanka, muna tambaya har aka nuna mana gidan Bulus ɗan Iya Saratu. Na tarar da shi yana ɗaure buhunan waken suya, mutum mai furfura. Ya ce tsohuwar ta daɗe da rasuwa, ko hotonta ba su da shi. Na kwance mayafi na ba shi, ya sa a wayarsa. Ƙarar dutsen niƙa ta fara fita, sannan murya. Ya saki igiyar buhun, ya zauna a ƙasa. Matan gidan suka fito daga ɗakuna. Da akuyar ta yi kuka tsohuwar ta zage ta, sai gidan ya kaure da dariya da kuka a haɗe.

Bulus ya juyo gare ni ya ce, "Hajiya, na tuna wani saurayi mai babur da ya zo ya yini a nan. Wane ne shi a wurinki?"

"Yaron nan" ya zo mini har bakin leɓe, yadda ya saba. Na mai da shi.

Na ce, "Ɗana ne. Ɗana na fari."